Jallon da Bai Taɓa Fitowa Ba

Ranar wata Alhamis ce, mako guda bayan ƙaramar Sallah, shekara biyu bayan babbar ambaliyar nan da ta narkar da gidajen ƙasa a Khartoum da Omdurman, Kawu Isyaku ya diro daga kan amalanken jaki a ƙofar gidanmu da ke Umbadda, rungume da wani kwali kamar mai ɗauke da jariri. Shekarata goma sha ɗaya, muna cikin hutun bazara, ina tsugune a gindin darbejiya ina ɓare gyaɗa, rana ta take har ƙasa ba ta takuwa sai da takalmi. Kawu ƙanin Inna ne, ya yi shekara uku yana aikin gini a Libiya, kuma duk abin da ya tsira da shi daga can yana cikin kwalin nan: na'urar bidiyo guda, da kaset biyu. Ɗaya na kokawar Turawa ne, wanda yayyena maza suka wawure tun kafin Kawu ya sha ruwa. Ɗayan kuwa ba shi da bango, ba shi da hoto, sai wata farar takarda da aka manna aka rubuta kalma ɗaya da biro cikin haruffan Larabci. Kawu ya miƙo mini ya ce in karanta, tunda ni ce 'yar boko. Na duba na ce, "Jallo." Daga cikin rumfa, inda take kishingiɗe a kan angarib, gadon nan namu na igiya, kakata Yagana ta ɗago kai ta ce, "Wane Jallon? Namu na bakin titi?" Ban amsa mata ba. Lokacin wata bakwai ke nan rabona da in yi mata magana da Hausa.

Gidanmu ɗaki uku ne na jar ƙasa da rumfa ɗaya ta zana, sai tsakar gida mai faɗi wadda shararta ke wuyana kullum safiya kafin in wanke fuska. Baba yana fita tun asuba ya kama motoci biyu zuwa wata masana'antar sabulu a Bahri, ba ya dawowa sai yamma, jikinsa duk ƙanshin sabulu. Inna tana soya gyaɗa a cikin yashi mai zafi, ta niƙa wata ta yi dakwa, wato tunkuzar nan mai mai da mutanen Sudan ke zubawa a salak, ta kai bakin tasha. Ni ce mai ɓarewa, ni ce mai bushe ɓawo a faifai, ni ce mai tsayawa a ƙofa in tare mai jakin ruwa, in cika randunan da ke jere a kan ƙarfe, in rufe su da buhu jiƙaƙƙe don su yi sanyi. In na samu sarari sai in zana gidajen 'yar gala-gala da gawayi a bayan ɗaki mu yi ta tsalle da 'ya'yan maƙwabta, ko mu zauna carafke da duwatsun da na ɓoye a gwangwanin madara. Kaka ba ta da wani aiki da aka ɗora mata, amma babu aikin da ba ta sa baki a cikinsa. Tana ƙarama iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, ubanta Babarbare, uwarta Bakanuwa, tafiya ta ƙare musu a bakin Nilu, aka yi gona, aka yi aure, aka yi jikoki. Larabcin kasuwa tana jin sa sarai, har ta yi ciniki ta ƙure mai tumatir, amma ta rantse a cikin gidan ɗanta ba za ta karya harshenta ba.

Abin da ya shiga tsakanina da ita ba laifinta ba ne. Wata rana a makaranta, lokacin karin kumallon ƙarfe goma, ana turereniya a gaban mai sayar da burodi da wake, wata yarinya mai dogon wuya ta take mini ƙafa da takalmin roba mai tauri. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ƙwala ihu na ce, "Wayyo Allah, ƙafata!" Aka fashe da dariya. Daga ranar sunana na Sa'adiyya ya ɓace, na koma "Wayyo". In malama ta kira ni allo, sai in ji ana raɗa shi daga baya. Na dawo gida na yanke wa kaina hukunci irin na yara, mai tsauri kuma marar kan gado: harshen da ya kunyata ni a gaban mutane ba zai sake fita daga bakina ba. Da Inna da Baba abin bai dame su ba, dama rabin maganarsu Larabci ce. Kaka ce abin ya faɗa wa. Ta kira ni "Uwani", sunan da ta sa mini don na ci sunan mahaifiyarta, in amsa da "Na'am, ya Habboba," yadda 'ya'yan Larabawa ke kiran kakanninsu. Ta tambaye ni da Hausa, in mayar mata da Larabci ina kallon gefe. Da farko ta mai da shi wasa, tana ce mini Balarabiyar Umbadda mai ƙanshin gyaɗa. Daga baya ta daina tsokana, ta daina aikena, tatsuniyar da take yi mini in ina tsefe mata kai ita ma ta ɗauke.

Cikin azumin shekarar ta kira Baba ta ce ya nema mata mota. Za ta koma ƙauyenmu na bakin kogi wajen Sinnar, gun Gwaggo, 'yar'uwar Baba, kafin damina ta rufe hanya. Baba ya yi lallashi, ya kawo zancen asibiti da ciwon gwiwarta, ta ce masa, "Gidan da zan yi magana bango ya amsa mini, gara in je inda ko akuya ta san sunana." Ina bayan randa ina ji. An yi magana da wani mai lori da zai tashi daga kasuwa ranar Asabar ta ƙarshen wata, Kaka ta jawo akwatinta na ƙarfe mai zanen furanni daga ƙarƙashin gado ta fara jera zannuwanta. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka a banɗaki, amma taurin kai ya hana ni buɗe baki. Gadonsa na yi, kuma kowa a gidan ya san daga wurin wa.

Saura mako biyu da 'yan kwanaki Kaka ta tafi, Kawu ya iso da kwalinsa. A lokacin wutar lantarki a layinmu sai ta ga dama, yawanci takan zo bayan azahar ta ɗauke kafin la'asar ta yi sanyi. Da fankar ɗakin Baba ta motsa sai ka ji yara a layi suna ihu, "Kahraba! Kahraba!", wato wuta ta dawo. Ranar Asabar maza suka tafi kasuwa da kaset ɗinsu na kokawa, Kawu ya haɗa wayoyi da ƙaramar talabijin ɗinmu, ya goge cikin na'urar da auduga da turaren Inna, ya tura kaset ɗin Jallo. Ya ce shi ma bai taɓa kallo ba, a wurin wani tsoho da ke rufe shagonsa ya saya, fim ne na mutanen Italiya, tsoho ne sosai. Kaka ta sa aka jawo mata angarib har bakin ƙofa. Ta ce ba kallo ya dame ta ba, so take ta ga abin da Bafulatani ya je yi ƙasar Turawa.

Hoton ya fito yana rawa, launinsa ya koɗe, kiɗan kuma irin mai sa tsigar jiki tashi. Wani dogon gida ne a bakin ruwa, mai matakala da yawa da madubai ko'ina, wata tsohuwa mai dukiya tana zaune a ciki da mutum uku: likitanta mai gemu, da 'yar ɗan'uwanta mai jan baki, da wani ƙaton mai dafa abinci. Suna magana da sauri suna wurga hannuwa, fassarar Larabci tana gudu a ƙasan hoton. Ni ina karantawa a zuci ina jin daɗina. Inna tana shiga tana fita da kaskon gyaɗa, ba ta tsaya sai in ta ga namiji ya matso kusa da mace, nan take ta kifa faifai a fuskar talabijin har sai ta ƙirga goma. Kaka kuwa idonta ya yi rauni, kuma karatunta na allo ne, ba ya bin rubutu mai gudu. Ta yi ta tambayar iska, wannan wane ne, me ya ce, ina Jallon. Na yi kamar ban ji ba.

Sai aka zo wurin da tsohuwar ke ita kaɗai a saman bene. Ƙofa ta buɗe a hankali, wani hannu sanye da baƙar safa ya leƙo, ba a nuna fuska ba. Tsohuwar ta ja da baya tana ɗaga hannu tana ihu, "Basta! Basta!" Hoton ya yi duhu, sai ga ta kwance a ƙasan matakala. A wurinmu basta sunan wani kayan zaƙi ne mai ɓawo-ɓawo da ruwan sukari, wanda ake yankawa a faranti a shagunan bakin titi. Kaka ta tafa hannu ta ce, "Allahu akbar! Kwaɗayi mabuɗin wahala. Dubi tsohuwa da furfurarta, mutuwa ta zo tana kiran basta. Ai da sun ba ta ko yanki ɗaya." Ta juya wajen Inna ta ci gaba da bayani da ƙarfin gwiwa, wai mai sayar da basta ne ya biyo ta har gida. Ga fassara ɓaro-ɓaro a ƙasa, ga Kaka tana ta ɓata labari. Ban san lokacin da na juyo ba.

"Ba basta take so ba, Kaka! Cewa take ya isa, ya isa haka!"

Inna ta tsaya cak da kasko a hannu. Kaka ba ta ko kalle ni ba, idonta na kan talabijin.

"Ya isa? Da kunnena na ji ta ce basta."

"Da yarensu ne. An rubuta a ƙasa, kifaya, ya isa."

"To, tunda ke ce mai ido, matso nan. Wancan mai doguwar rigar da ya shigo, me yake cewa?"

Na matsa. Na zauna a ƙasa na jingina da ƙafar gadonta, na ce mata sufeton 'yan sanda ne, yana tambaya wa ya fara ganin gawa. Har wuta ta ɗauke bakina bai rufe ba. Sai da na girma na zauna na auna abin, na gane tsohuwar nan da ta ƙure masu tumatir na kasuwa ba ta yi wautar da za ta ɗauka mai mutuwa na neman kayan zaƙi ba. Tarko ta ɗana, na kuwa faɗa da ƙafa biyu.

Kwana huɗu muka yi muna kallon fim ɗin guntu-guntu, don wuta ba ta taɓa barinmu mu wuce rabin awa ba, kuma duk ranar da ta dawo Kaka sai ta ce a koma baya ta ga inda aka tsaya. Aikin ya fi ɓare gyaɗa wuya. Hausata ta yi tsatsa, in kama jimla in kai tsakiya sai kalma ta gudu, in cusa ta Larabci. Kaka ba ta yi mini faɗa, sai dai ta ajiye mini kalmar a gabana kamar mai miƙa cokali. Na ce "sillim", ta ce matakala. Na ce "simm", ta ce guba. Na ce likita yana da "sirr", ta ce asiri, ko kuwa a ce yana da wata a ƙasa. A wurinta na fara jin kalmar magajiya, da wasiyya, da zargi. Ita kuma ta raɗa wa kowa suna, akwai Gemu, akwai Jan Baki, akwai Tulu mai dafa abinci. Sufeton ne ya fi ba ta haushi, don duk inda aka kawo masa gahawa sai ya kurɓa sau ɗaya ya tashi, ta ce mutumin da ba ya ƙarasa gahawarsa ba zai ƙarasa bincike ba. Da aka tambayi Jan Baki inda take a daren ta fara rawar murya, Kaka ta ce, "Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as." Da Gemu ya ƙone wata takarda ta ce biri ya yi kama da mutum. Amma zarginta na gaskiya bai taɓa barin mutum ɗaya ba. An rubuta sunansa a kaset, an yi kwana uku bai nuna fuska ba, to wane ne mai baƙar safa in ba Jallo ba?

A bakin titinmu akwai wani tsohon tela, Malam Jallo, Bafulatanin da aka haifa a Omdurman, bai taɓa tatsar saniya ba. Tsakaninsa da Kaka akwai wasan nan na Fulani da Barebari, kullum ya biyo ta ƙofarmu da yamma sai ya leƙo ya ce ina baiwarsa, ita kuma ta ce ga bawanta ya zo gaisuwa. A makon nan ya shiga uku. Yana sallama ta ce, "Shi ke nan, asirinka ya tonu. Har Italiya an san halinku, ka kashe tsohuwar mutane ka gudo ka fake da keken ɗinki." Malam Jallo ya gyara tabarau ya ce shi ko Port Sudan bai taɓa zuwa ba, amma in dai tsohuwar Babarbariya ce to a rubuta shi ne. Rana ta huɗu ya rufe shago ya zo da kansa, ya zauna a kan tabarma a bakin ƙofa, wai ya zo ya wanke sunan kakanninsa.

A ranar ne sufeto ya tara su duka a babban falo. Ya zagaya, ya zagaya, ya tsaya a gaban madubi, ya ce ya san wanda ya yi kisan, kuma yana cikin ɗakin nan. Na fassara. Ya ɗaga yatsa. Sai hoton ya yi tsalle, ya yi fari, ga wasu mata da ba mu sani ba cikin kayan ado suna guɗa, ga ango da amarya a kan kujeru, ana watsa musu turare. Wani bawan Allah a Libiya ya naɗi bikin 'yan'uwansa a kan ƙarshen fim ɗin. Kawu ya tura gaba, ya dawo baya, ya fitar da kaset ya hura masa iska, biki dai har ƙarshe. Malam Jallo ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah ya wanke shi. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido, ba don tsohuwar Italiya ba. Fim ya ƙare, ba ni da sauran dalilin zama a gindin gadon nan, ga akwati a ɗaure, saura kwana goma sha ɗaya.

Kaka ta dube ni ta ce, "Uwani, ke da kika karanta duk abin da suka faɗa, ai kin san ƙarshensa. Ƙarasa mini."

Ban san komai ba, amma na buɗe baki na shirga mata. Na ce Tulu ne, ya zuba guba a miya don tsohuwar ta ce abincinsa ba gishiri. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta ce ƙarya nake, mai guba ba ya buƙatar safar hannu, in je in sake tunani in dawo gobe. Washegari ina shara ina ƙulla wani, ina tare mai jakin ruwa ina warware shi. Bayan azahar, ko da wuta ko babu, in zauna in ce Gemu ne, ta kawo hujja ta rushe. Na ce Jan Baki ce don gado, ta ce yarinyar da ke tsoron ɓera ba ta hawa bene cikin duhu. Na ce sufeton ne da kansa, wannan ya burge ta har ta ba ni dabino, amma ta ce da sauran magana. Rannan na kawo Jallo, na sa ya fito daga bayan madubi da sandarsa da malafarsa, muka yi dariya har Inna ta leƙo ta ga ko lafiya. A cikin kwanakin nan 'yan wasan gala-gala sun gaji da kirana.

Ranar Juma'a da yamma Baba ya dawo ya tsuguna a gabanta ya ce mai lori ya aiko, gobe da sassafe za a ɗora kaya. Ina zaune ina tsefe mata kai, hannuna ya tsaya. Kaka ta ce, "Ina zan je ban san wanda ya kashe matar nan ba? Ka ce masa ya tafi. Uwani, buɗe akwatin nan ki ciro mini zanen saƙi, sanyin randa nake ji a baya." A tsakiyar bazarar Omdurman babu wani sanyi, amma na tashi da gudu na kwance igiyar. Ta ƙara shekara tara a gidanmu, a nan ta cika, kaina a kusa da nata. Da aka koma makaranta yarinya mai dogon wuya ta ce mini "Wayyo", na ce mata na'am, da me ya faru, daga nan sunan ya fara mutuwa.

Na daɗe da zama ma'aikaciyar jinya kafin in yi aiki da wata likita 'yar Italiya, na ba ta labarin. Ta yi dariya har ta share hawaye. Ta ce Jallo ba sunan mutum ba ne, kalmar a yarensu launi ce, ruwan ɗorawa, haka suke kiran duk labaran kisa da bincike saboda launin bangon littattafansu na da. Sunan fim ɗin kuwa ba ta iya ganewa ba, ta ce irinsu ba su ƙirguwa, yawancinsu an manta da su. Na so a ce Kaka da Malam Jallo suna raye in kai musu wannan, ko da yake na san abin da Kaka za ta ce, wai Baturiyar ma bakinsu ɗaya da Jallo.

Yaƙin nan da ya tarwatsa mu ya ci gidan Umbadda, mun dawo mun tarar babu ƙofa babu taga, babu akwatin furanni, sai darbejiya ce ta tsaya tana jiranmu, har ta yi sabon ganye. Muna ta gyara ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Yaran yanzu fim yana cikin tafin hannunsu, ba jiran wuta, ba faifai, in ƙarshe ya ɓace su nemo shi kafin shayi ya huce. 'Yata ƙarama, Yagana, shekararta goma, Larabci take amsa mini da shi, kuma ban taɓa tsawata mata ba don na san inda tsawa ke kai mutum. Kwanan baya muna ɓare gyaɗa a gindin bishiyar na ba ta labarin tsohuwar da ta mutu tana kiran basta. Ta ɗauki waya ta yi ta bincike, ba suna, ba shekara, ba ta samu komai ba. Ta ajiye wayar, ta matso ta jingina da ƙafata, ta haɗa kalmomin a hankali da Hausarta mai tsatsa ta ce, "Inna, to wa ya kashe ta?" Na ce mata ban sani ba, sai dai ita ta faɗa mini, in kuma ban yarda ba ta dawo gobe. Wani labarin, rashin ƙarshensa ne albarkarsa.